An sallami Ten Hag: wa za a damƙa wa Man United yanzu?

Litinin, 28 ga Oktoba 2024

Baban Khalifa: Jama'a assalamu alaikum. Ta tabbata, an sallami kocinmu Ten Hag. Ruud van Nistelrooy ne zai yi riƙon ƙwarya kafin a naɗa wani. To ga fili ga mai doki, kowa ya faɗi wanda yake so da dalilinsa. Sharaɗina ɗaya ne, ban da zagi, ban da turo hoton ɗan wasa an ɗora masa kan akuya irin na daren jiya. Wanda ya karya, waje zai yi sai bayan sati.

Ɗan Fagge: Alhamdulillahi! Tun watan Mayu ya kamata a yi wannan. Ni ba dogon zance, Zidane. Mutum ya ɗauki kofin Zakarun Turai sau uku a jere, 2016, 2017, 2018, kuma tun 2021 yana gida a zaune. Ko sisin kwabo ba za a biya wata ƙungiya ba. Me ake jira?

Maman Hanif: Ana jira ya yarda ne, ƙanena. Shi da bakinsa ya taɓa cewa Turancinsa bai kai ya riƙe ƙungiyar Ingila ba. Kuma kowa ya san kujerar Faransa yake hange. Duk lokacin da aka kori koci a nan sai kun kira Zidane, tun zamanin Ole Solskjaer kuke kiransa bai amsa ba.

Ɗan Fagge: Anti, kuɗi ke magana. A ajiye masa abin da zai kasa ƙi.

Maman Hanif: Kuɗin da ake korar ma'aikata 250 don a yi tsiminsa? Har albashin jakadancin da ake ba tsohon kocinmu Ferguson sun ce za su tsayar.

Mai Gidan Kallo: Ni dai ko wa za a kawo a kawo wanda zai sa a riƙa cin ƙwallo. Ƙwallo 8 a wasa 9 na Firimiya, maki 11, na 14 a teburi. Jiya da Dalot ya wuce gola ya tsaya shi da raga ya ɗaga ta sama, wani yaro ya tashi ya doki benci da ƙafa har ƙusa ta fita, na kusa da shi suka zube ƙasa. Da aka ba West Ham wannan fenaritin a ƙarshe kuwa, kafin Bowen ya buga rabin ɗakin ya watse. A da ranar wasan United sai na aro benci a makarantar allo ta maƙwabta. Yanzu 'yan adawa ne ke cika min ɗaki, su ma dariya suke zuwa yi.

Baƙon Arsenal: Kuma muna biyan kuɗinmu cif, Alhaji, ba ma cin bashi. Ni a bar min Ten Hag ɗina, wa ya ce ku taɓa shi?

Baban Khalifa: Kai wa ya sake shigo da kai?

Baƙon Arsenal: Yallabai ta'aziyya na zo yi.

Malam Na Zariya: Kafin a fara jera sunaye, ina so mu tsaya kan abu guda. Mu ƙirga tun da Ferguson ya ajiye a 2013. Moyes aka ba kwantaragin shekara shida, bai cika shekara guda ba. Aka kawo Van Gaal, mai son a riƙe ƙwallo a yi ta juya ta har mai kallo ya yi gyangyaɗi, ya sayi 'yan wasan da suka dace da hakan. Ya ci kofin FA a 2016, kwana biyu tsakani aka kore shi. Aka kawo Mourinho, wanda tsarinsa kishiyar wancan ne, tsare gida da ƙarti majiya ƙarfi. Shi ma ya yi nasa cefanen. Sai Solskjaer, gudu da kai farmakin ba-zata. Sai Rangnick na ɗan lokaci, mai son a matsa wa abokin hamayya tun daga gidansa, da 'yan wasan da ba su saba gudun ba. Sai Ten Hag. Duk wanda ya zo sai ya tarar da tarkacen wanda ya gabace shi, ya nemi a saya masa nasa, kafin su zauna an kore shi. Matsalar ba sunan koci ba ce. Ƙungiyar ce ba ta taɓa zama ta ce ga irin ƙwallon da muke so mu buga ba, sannan ta nemo wanda ya iya ta. Kullum koci ake fara ɗauka, daga baya a tambaye shi me yake so.

Ɗan Fagge: Malam, wannan karatun mun sha shi. Suna muke so.

Malam Na Zariya: Zan ba ka suna, amma ka bari in ƙarasa. Dubi abin da aka yi a bazarar nan. Ƙungiya ta ƙare ta takwas, mafi muni tun da aka fara Firimiya. Mutanen Ratcliffe, attajirin da ya sayi kaso a ƙungiyar, suka yi ta ganawa da wasu kociyoyi, kowa ya sani, shi ma Ten Hag ya sani. Da aka doke City 2-1 a wasan ƙarshe na kofin FA sai jikinsu ya yi sanyi, suka ƙara masa shekara guda a kwantaragi, suka kashe kusan fam miliyan 200, ciki har da De Ligt da Mazraoui, yaransa na Ajax. Wata huɗu bai cika ba sun kore shi. Yanzu za su biya shi kuɗin sallama, su biya kuɗin ɗauko wani, kuma wanda zai zo zai gaji yaran Ajax biyar: Onana, Martinez, De Ligt, Mazraoui, Antony. Mutanen da suka yi wannan lissafin su ne za su zaɓa mana sabon koci. Wannan ne ke hana ni murna.

Kawu Mai Rediyo: Malam ya yi gaskiya, amma ku yaran nan ba ku da haƙuri. Ferguson ya zo a Nuwamban 1986, bai ɗaga kofi ko ɗaya ba sai 1990, gasar ƙasa kuwa sai 1993. Da a zamaninku ne da kun kore shi sau uku. Ten Hag kofi biyu ya ci a kaka biyu. Ni ban ga abin gaggawa ba.

Maman Hanif: Kawu, Allah ya ja kwana, amma Ferguson kafin ya zo ya riga ya doke Real Madrid da Aberdeen a wasan ƙarshe na Turai a 1983, ya karya Celtic da Rangers a gida. An san abin da ake jira. Shi wannan me za mu jira? 7-0 a Anfield. Bana Liverpool 3-0 a gidanmu, Tottenham 3-0 a gidanmu. A gasar Europa wasa uku canjaras uku, har da Twente. Kaka ta uku ke nan, ka tambayi kowa a zauren nan wane irin ƙwallo muke bugawa, ba mai iya faɗa maka.

Kawu Mai Rediyo: To 'yata, na ji. Amma ku rubuta ku ajiye, wanda zai zo ma haka za ku yi masa.

Baƙon Arsenal: Arteta na takwas ya yi sau biyu a jere, sannan na biyar, ba mu kore shi ba.

Ɗan Fagge: Kuma har yau me kuka ci ban da kofin FA na 2020? Na biyu, na biyu. A ba ku kofin haƙuri.

Na Damagaram: Ni Tuchel nake so, amma sun yi sake Ingila ta ɗauke shi sati biyu da suka wuce. Pochettino ma ya tafi Amurka tun Satumba. Duk waɗanda suke hannu a watan Yuni sun kama gabansu. Abin da ya rage sai Xavi, shi ma ya ci La Liga a 2023 da Barcelona mai fama da bashi, kuma ya san yadda ake tafiya da yara. Mainoo da Garnacho za su ji daɗinsa.

Malam Na Zariya: Xavi a gidan da ya tashi ya yi aiki, da yaran da tun suna shekara goma ake koya musu abu guda. A nan wa zai riƙe masa ƙwallo a tsakiya? Casemiro da Eriksen ƙafa ta yi nauyi. Sunan da na yi alkawari shi ne Thomas Frank na Brentford. Na san za ku yi dariya. Ya hauro da su Firimiya a 2021, har yau ba su faɗi ba, ana sayar masa da manyan 'yan wasa yana maye gurbinsu. Ya san gasar, yana sauya tsari gwargwadon abin da ke hannunsa, ba ya cewa sai an saya masa mutum goma. Kuma ya taɓa zura mana huɗu kafin a tafi hutun rabin lokaci, idan kun manta.

Ɗan Fagge: Brentford! Malam, Moyes na biyu kake nema mana. Mutumin da bai taɓa ɗaga babban kofi ba zai shiga ɗakin da Casemiro yake, mai Zakarun Turai biyar, ya ce masa yi kaza?

Malam Na Zariya: Masu manyan kofuna mun gwada su. Van Gaal da Mourinho duk sun ci Zakarun Turai kafin su zo.

Maman Hanif: Ni dai roƙona ɗaya, kar in ji an ce Southgate, tsohon kocin Ingila, don sun yi aiki tare da Ashworth, daraktan wasanninmu, a hukumar ƙwallon Ingila.

Baban Khalifa: Kwantar da hankalinki Hajiya, shi da kansa ya ce ba zai karɓi aikin horarwa ba sai ya huta shekara guda.

Talata, 29 ga Oktoba

Na Damagaram: Ku tashi ku ji. Sporting ta fitar da sanarwa cewa United ta nuna a shirye take ta biya yuro miliyan 10 da ke cikin kwantaragin Ruben Amorim. Magana ta wuce jita-jita.

Ɗan Fagge: To wannan na yarda! Shekararsa 39. Ya ci wa Sporting gasar Fotugal a 2021 bayan shekara 19 ba su gan ta ba, ya sake ci a 2024, bana kuma duk wasannin gasar ya cinye su. Ya ɗauko Gyökeres daga Coventry, ƙungiyar rukuni na biyu a Ingila, ya mayar da shi dodon raga. Ugarte namu ma yaronsa ne. Ku ba ni wannan.

Maman Hanif: Jiya Zidane, yau Amorim. Gobe kuma wa?

Ɗan Fagge: Anti ai mai hankali shi ke sauya ra'ayi.

Kocin Unguwa: Salamu alaikum, jiya ina filin atisaye ban samu shiga ba, sai yanzu na bi maganganun. Ina ganin ba a taɓo ainihin wurin ba. Amorim koci ne na gaske, ban musa ba. Amma tsari ɗaya yake bugawa, 3-4-3, kuma bai taɓa barinsa ba tun da ya je Sporting a 2020. Bari in warware wa wanda bai gane ba. 'Yan baya uku ne a tsakiya. A kowane gefe mutum ɗaya ne tak, shi ne ɗan baya, shi ne ɗan gefe, zai hau har layin ƙarshe ya bugo ƙwallo, ya dawo ya tare, minti casa'in yana sintiri. A tsakiya mutum biyu ne kawai, dole su zama masu huhu. Sannan biyun da ke bayan ɗan gaba ba a bakin layi suke tsayawa ba, ciki suke shigowa, suna karɓar ƙwallo a matsattsen wuri da mutum a bayansu. To ku ɗauko 'yan wasanmu ku jera. Rashford da Garnacho 'yan bakin layi ne, fili suke so a gabansu su yi gudu. A wannan tsarin babu gurbinsu, sai dai ko su shigo ciki inda ba su iya ba, ko su koma masu sintirin gefe, kuma wa ya taɓa ganin Rashford ya bi mutum har gida? Shaw kullum yana jinya, Malacia ya fi shekara bai buga ba, wa zai riƙe hagu? A tsakiya in ka sa Bruno cikin biyun, an bar Ugarte shi kaɗai da gari guda. Yadi ne an riga an yanka shi don kaftani, sai ka kira telan da babbar riga kaɗai yake ɗinkawa. Ko dai a sayo sabon yadi, ko a yi ta haɗa ƙyalle.

Na Damagaram: Koci, amma Conte fa? Da wannan tsarin ya ci Firimiya da Chelsea a 2017, kuma ana cikin kaka ya koma kansa bayan Arsenal ta ba su 3-0. Victor Moses da ake ta turawa aro nan da can, shi ya mayar mai sintirin dama, ya zama ba a taɓa shi. Ɗan gefe ne shi ma ai.

Kocin Unguwa: Madalla, misali mai kyau ka kawo. Amma duba abin da Conte yake da shi. Kanté da Matić a tsakiya, Kanté kuwa aikin mutum biyu yake yi. Hazard a gaba, Costa yana ci. Kuma a waccan kakar Chelsea ba ta zuwa gasar Turai, sati guda cur yake samu yana koya musu tsayuwa. Ya kuma yi atisayen share fage da su tun bazara. Amorim in ya zo yanzu, wasa ne duk bayan kwana uku har Janairu, ga Europa ranar Alhamis. Yaushe zai koyar? Ni da nake fama da yara 'yan ƙasa da sha bakwai, in na sauya musu tsayuwar baya daga huɗu zuwa uku, sai mun yi makonni ɗan bayan gefe yana waige yana neman wanda zai rufe masa. Manya sun fi yara saurin ɗauka, amma su a gaban duniya za su yi kuskurensu.

Malam Na Zariya: Abin da nake faɗa jiya ke nan, Koci ya fi ni iya fitar da shi. An kawo sabbin shugabanni, Ashworth daga Newcastle, Wilcox daga Southampton, Berrada daga City, aka ce mana daga yanzu ƙungiya ce za ta tsara salon wasa, koci ya zo ya shiga ciki. To a bazara sun yi cefane don masu tsaron baya huɗu, a kaka kuma suna ɗauko mai uku. Wane ne a cikinsu ya tsara wannan? In Amorim suke so, yana nan a watan Yuni. Liverpool ta duba shi, ta wuce ta ɗauki Slot, wanda tsarinsa ya yi kusa da abin da Klopp ya bari. Ga shi nan ɗan wasa ɗaya tak ya shigo musu, Chiesa, shi ma ba ya bugawa, amma suna ta biyu a teburi.

Ɗan Fagge: Malam kai dai ba a iya maka. In sun yi jinkiri ka ce sun yi sake, in sun yi sauri ka ce ba tsari. Ba ka ga Hugo Viana, daraktan Sporting, zai koma City ba? Kwantaragin Guardiola kuma bana zai ƙare. In muka tsaya sai bazara, a maƙwabta za mu gan shi.

Malam Na Zariya: Wannan hujja ce, na karɓa. Amma ɗaukar koci don kar maƙwabci ya ɗauka, haka muka yi da Sánchez, haka muka yi da dawowar Ronaldo.

Kawu Mai Rediyo: Ni abin da nake tunawa Villas-Boas ne. Shi ma yaro ne ɗan Fotugal, shekara 33, ya ci komai da Porto, Chelsea ta biya kuɗi mai yawa ta ɗauko shi a 2011, aka ce sabon Mourinho ne. Manyan ɗakin suka juya masa baya, watan Maris aka sallame shi. Gasar Fotugal ƙungiya uku ce, sauran rakiya suke yi. Ten Hag ma haka aka kawo mana shi daga Ajax da kirari.

Maman Hanif: Mourinhon farko ma ai daga Porto ya zo, Kawu, ya ci Firimiya a kakarsa ta farko.

Kawu Mai Rediyo: Da kuɗin Abramovich, da Terry da Lampard da Drogba. Ki nuna min su a nan.

Laraba, 30 ga Oktoba, da dare

Mai Gidan Kallo: Mun ba Leicester 5-2! Jama'a kun ga ƙwallon Casemiro ta farko? Daga nesa ya ɗaɗa ta ta shige kusurwa. Yau har mai shayin ƙofa ya bar tukunya ya leƙo.

Ɗan Fagge: A bar wa Ruud kawai! Ɗan gida ne, ƙwallo 150 ya ci mana, ya ci kofi da PSV. Me za a je nema a Fotugal?

Baban Khalifa: Ɗan Fagge, koci uku ke nan a kwana uku.

Maman Hanif: Kofin Carabao ne fa, kuma Leicester ba da cikakken ƙarfinta ta zo ba. Haka aka yi da Ole. Riƙon ƙwarya ya zo yi, aka ci PSG 3-1 a Paris, daɗi ya kwashe kowa aka ba shi kwantaragin shekara uku a watan Maris na 2019. Daga nan har ƙarshen kaka sai da ƙyar.

Kocin Unguwa: Amma ni da za a bi tawa, Ruud ya riƙe har ƙarshen kaka, a ƙulla da Amorim tun yanzu ya zo a watan Yuni. Ya samu kasuwa guda, ya samu atisayen bazara, a sayar da waɗanda ba su dace ba kafin ya taka filin. Shi ma in yana da wayo abin da zai nema ke nan.

Malam Na Zariya: Da sun iya irin wannan haƙurin ai da ba mu zo nan ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Baban Khalifa: An gama. Amorim ne, kwantaragi har Yunin 2027, zai fara aiki 11 ga wata. Ruud zai ja wasan Chelsea da PAOK da Leicester. Wasan Amorim na farko a gidan Ipswich ne ranar 24. Allah ya sa a dace.

Na Damagaram: Amin. Kafin nan ma zai ja Sporting su kara da City ranar Talata, mu ga irin rawar da zai taka.

Baƙon Arsenal: Ina taya ku murnar sabon wanda za ku kora.

Baban Khalifa: Na cire shi.

Kocin Unguwa: To tunda ta faru, ku zo mu jera. Onana a raga. Baya uku: De Ligt a tsakiya, Martinez a hagu, Yoro in ya warke a dama. Ugarte da Mainoo a tsakiya. Dalot ya yi haƙuri ya riƙe hagu. Dama fa?

Maman Hanif: Amad. Yaron yana da zuciya, yana bin mutum.

Ɗan Fagge: Amad ɗan firit ɗin nan zai tare wa? Mazraoui dai.

Kocin Unguwa: In ka sa Mazraoui da Dalot a gefe biyu, 'yan baya biyar ka jera, ƙungiyar da ƙwallo 8 ta ci a wasa 9. Bruno ya ɗauki gurbi ɗaya a bayan Højlund. Saura gurbi ɗaya, ga Rashford, ga Garnacho, ga Mount, ga Zirkzee, ga Antony na fam miliyan 80 da ɗoriya. Ɗan Fagge, kai ka fi kowa murna, zaɓo mana ɗaya ka faɗa mana inda za a kai sauran huɗun.

Ɗan Fagge: Garnacho. Sauran a jira Janairu.

Malam Na Zariya: Da albashin da suke ɗauka, wa zai saya?